Inabin da Ba a Ci

Maremma, ƙasar Italiya
Mayu, 1975

Zuwa ga Yaya Lauratu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki Malam Gide da yara. In kin je Sabuwa ki gaishe mani da Baba, ki ce ina neman albarka. Matata Safara'u kuma ki riƙa leƙa ta, na bar ta da tsohon ciki, kullum tana raina.

Bayan haka, an yi aikin ƙafar. Ba su yanke ba, kamar yadda aka so yi can gida ranar da katafila ta taka ni. Ƙarfe suka sa a ciki, sun ce sai ƙashi ya kama za a sake buɗewa a cire, ƙila shekara, ƙila fiye. Injiniya Dario, Baturen kamfanin hanyar da ya kawo ni, ya koma Najeriya bakin aikinshi. Ya bar ni gidan mahaifinshi, wani tsoho mai suna Renzo. Matar tsohon ta rasu, daga shi sai karnuka biyu.

Yaya, na ga teku. Daga ƙofar ɗakina nake hango shi, ruwa ba tsallake, da la'asar kuma iska ta taso daga can mai ɗanɗanon gishiri. Tsohon ya nuna mani da hannu cewa da can wurin nan fadama ce, sauro ya kashe kakanninshi, sai da aka haƙa magudanai sannan aka samu gona. Ƙasar duk tsakuwa, in Baba ya gani zai ce ko gero ba zai yi ba. Amma inabi suke nomawa, layi-layi a kan waya har gindin dutse. Na gaji da zaman banza, sai na fara dogara sanda ina bin shi, ina zaune kan kujera ina ɗaure rassa. Shi ke dafa mana abinci, ya ware mani tukunya daban saboda naman alade.

Ki rubuto ta adireshin da ke bayan ambulan.

Ƙanenki,
Harisu

Faskari
Yuli, 1975

Zuwa ga ƙanena Harisu,

Na samu wasiƙarka, na yi hamdala. Mu duka lafiya lau, sai kewarka. Damina ta zauna, dawa ta kai gwiwa.

Albishirinka. Safara'u ta sauka lafiya, an samu ɗiya mace. Baba ya raɗa mata sunan Inna, Allah ya jiƙanta, wato Hajaratu, muna kiranta Nana. Goshinka ta ɗauko, Allah ya sa kada ta ɗauko taurin kanka.

Na je Sabuwa na karanta ma Baba takardarka a zaure. Da na zo wurin inabi sai ya ce in maimaita. Ya ce, "Inabi? Wanda Allah ya ambata a cikin Alƙur'ani?" Na ce shi fa. Harisu, rabon da in ga haƙoran Baba tun rasuwar Inna. Ya ce shekara da shekaru yana karantar da sunan itacen nan bai taɓa ganinsa ba, ga shi ɗansa na taɓa shi da hannu. Yanzu duk wanda ya zo ɗaukar karatu sai ya ji labari. Mutane na ta sayen rediyo da babur, kowa na alfahari da ɗansa mai albashin gwamnati, shi kuwa Baba sai ya ce, "Nawa yana noman 'ya'yan itacen Aljanna."

Ya ce in akwai hali ka busar da kaɗan ka aiko mashi, ko cikin ambulan ne, ya ɗanɗana kafin ya mutu. Haka ya faɗa, yana dariya.

Ka kula da ƙafar. Ka kula da salla.

Yayarki, a'a, yayarka, ka ga har na ruɗe don murna,
Lauratu

Maremma
Oktoba, 1975

Yaya Lauratu,

Ina gaisuwa, ina kuma yi mana barka da salla da barka da samun Nana. Allah ya raya ta. Ƙafa da sauƙi, na ajiye sanda ɗaya.

Na daɗe ban amsa ba don na rasa ta inda zan fara. Wannan takardar ki karanta ta ke kaɗai tukuna.

Yaya, inabin nan ba na ci ba ne. Lokacin da na rubuto maki ni ma ban sani ba, ganye kawai na gani. Sai da ya nuna muka shiga girbi, cikin azumi, na ga ana zuba shi cikin manyan tankuna ana matsewa. Giya suke yi da shi, ja wur. Duk yankin nan na bakin teku abin da suke ci da shi ke nan.

Iri uku tsohon ke nomawa. Akwai na gargajiyarsu, Sanjobeze, mai tsami. Akwai biyu da ya kawo daga Faransa, Kabarne mai ƙananan 'ya'ya baƙaƙe da kaurin ɓawo, da Marlo mai laushi da zaƙi. Kowanne ana matsa shi daban, a zuba cikin gangunan katako, daga baya ya haɗa su. Maƙwabta na yi mashi dariya, sun ce ya ɓata abin kakanni da baƙon iri. Shi ya ce iskar teku da tsakuwar nan baƙon irin suke so.

Wallahi ko ɗigo bai shiga bakina ba. Sau ɗaya tsohon ya miƙo mani kofi na girgiza kai, bai ƙara ba. Amma na tsinka, na ɗauki kwando, hannuwana sun rine, sabulu ya kasa fitar da jan. Da su nake alwala. Abincinshi nake ci, a ɗakinshi nake kwana, shi ke kai ni asibiti. Ranar da hadari ya taso yana ta gudu shi kaɗai da tsufanshi kada ruwa ya lalata amfani, na kasa zama in zuba mashi ido.

Ki nemo dabarar da za ki gaya ma Baba a hankali. Ko ki bari sai na dawo.

Harisu

Faskari
Disamba, 1975

Harisu,

Muna lafiya. Nana ta fara zama.

Ka ce in karanta ni kaɗai, amma wannan maganar a cikin ambulan take, ni kuwa ban buɗe ba sai a gaban Baba. Takardar ta iso ana jibi babbar salla, na ce tsarabar salla ce, na tafi da ita Sabuwa a rufe. Bayan an sauko idi zaure ya cika, Kawu Almu na nan, liman na nan, da masu gaisuwa. Baba ya sa aka kira ni bakin ƙofa ya ce, "Karanta mana labarin gonar Aljanna." Da na ga layin da ka ce ni kaɗai, na tsaya. Kawu ya ce, "Ci gaba mana, ko bokon ya ƙare?" Na yi ta inda-inda, sai ya karɓe ya ba wani malamin makaranta da ke wurin. Shi ya karanta har ƙarshe.

Sai Kawu ya ce ai an la'anci mai matsa giya da mai ɗaukarta, ba mai sha kaɗai ba. Baba ya tashi ya shige gida, ya bar takalmansa a zaure.

Kafin sati magana ta kai kasuwar Kankara, kuma ka san bakin mutane. Yanzu cewa ake kana da gidan giya a Turai. Mahaifin Safara'u ya aiko an tafi da ita da Nana gida Kankara, wai sai ka dawo a yi magana. Ta tafi tana kuka, ta ce in gaya maka ita ba ta yarda da abin da ake faɗa ba.

Baba ya daina karantarwa a zaure. Na tambaye shi ko yana da saƙo, ya ce, "Babu."

Ban yi fushi da kai ba, na yi fushi da kaina. Amma Harisu, ka bar aikin nan.

Lauratu

Maremma
Maris, 1976

Yaya,

Gaisuwa da ban haƙuri. Ba laifinki ba ne.

Kin ce in bar aikin. In bar shi in tafi ina? Likita ya ɗauki hoton ƙafar ya ce ƙashin bai gama kamawa ba, in na hau jirgi da ƙarfen nan na je inda ba mai cire shi, ƙafar za ta ruɓe. Na gaya ma Renzo ba zan ƙara shiga ɗakin ganguna ba. Ya dube ni ya ce to. Yanzu datse rassa nake yi da gyaran shinge, don aladen daji na fasowa daga kurmi. Amma na san reshen da na datse yau shi zai yi 'ya'yan da za a matsa. Ban san inda haramcin ya fara ba, ban san inda ya tsaya ba, kuma babu malamin da zan tambaya a nan.

Na fara jin harshensu. Jiya na samu Renzo zaune da kofuna a gabanshi yana haɗin bana, ya zuba wannan ya ƙara wancan, ya shinshina, ya kurkure ya tofar. Hukumarsu ta ƙi ba haɗin nashi sunan yankin, don ya saɓa ƙa'idar gargajiya, sun sa shi cikin mafi ƙasƙancin daraja. Duk da haka Jamusawa da Turawan Ingila na zuwa da motoci suna nema. Bai yi murna ba. Ya ce mani, "Wa zan bar ma wa? Ɗana na can ƙasarku yana zuba kwalta." Ya tambaye ni me ya sa na rame. Na ce mahaifina ya daina yi mani magana. Ya ce, "Ni ɗana ne ya daina."

Ki durƙusa gaban Baba a madadina. Ki ce ban sha ba, ban sayar ba, kuma ana cire ƙarfen nan zan taho. Kalma ɗaya nake so daga bakinshi, ko zagi ne.

Harisu

Sabuwa
Agusta, 1976

Ƙanena Harisu,

Ina gaishe ka. Daga Sabuwa nake rubutu, na baro Faskari na zo jinyar Baba. Ƙafafunsa sun kumbura, numfashi na yi mashi wuya, ya ƙi yarda a kai shi asibiti.

Tun zuwan takardarka nake neman bakin magana, in na ɗauko sai ya juya fuska bango. Shekaranjiya ina ba shi kunu sai ya ce, "Yaron nan, ya sha?" Na ce ya rantse bai sha ba. Ya ce, "Ƙafar fa?" Na ce ƙarfe na ciki har yanzu. Sai ya ce, "Arnen da ya ware mashi tukunya ya fi mu da muka zauna muna cin namansa. Ɗauko alƙalami."

To ga saƙon, ka buɗe kunnenka. Baba ya ce ya yafe maka. Ya ce kada ka daɗe. Ya ce abin da ya rage tsakaninka da Ubangijinka ne, shi yana son ya ga fuskarka.

Harisu, ba zan ɓoye maka ba, jikin ya yi nisa. In an cire ƙarfen ka kamo hanya ko da rarrafe.

Ruwa ake kamar da bakin ƙwarya, hanya ta yanke, motoci sun daina shigowa. Wani mai tafiya Funtuwa da ƙafa zan ba wannan ya jefa gidan waya.

Lauratu

Maremma
Satumba, 1976

Yaya Lauratu,

Ina gaisuwa. Takardarki ta iso, amma ruwa ya jiƙa ta a hanya, tawada ta zama shuɗin tabo. Na shanya ta, na ɗaga ta a rana, na bi ta layi-layi. Na ga "Baba". Na ga "ya yafe", na ga "ka". A ƙasa na ga "kada ka da", sauran ya wanke. Ba sai an ƙarasa mani ba. Baba ya yafe ni, ya sallama ni, kuma kada in dawo.

Ni na roƙi kalma ko zagi ce, ga shi na samu. Ban ga laifinshi ba. Na sa mutumin da bai taɓa sunkuyar da kai ba ya bar zaurenshi.

An cire ƙarfen makon jiya. Kamfani ya aiko takardar jirgi, na mayar. Amma ba zan ƙara girbi a gonar nan ba. Kabarne ya nuna, gobe za su shiga, ni kuwa da asuba zan kama hanya. Ban gaya ma Renzo inda za ni ba, don in ya roƙe ni ba zan iya ƙi ba. Ko da Baba ya cire ni daga 'ya'yanshi, ina so in an tambaye ki ki ce ya bar aikin.

Safara'u kada a tsare ta saboda ni. Nana amana ce a hannunki. Kada ki wahalar da kanki da rubutu, ba za a same ni a nan ba.

Ki yafe mani, ke.

Harisu

Faskari
Fabrairu, 1977

Harisu,

Ban san ko wannan za ta same ka ba, kamar sauran da na yi ta aikowa. Ba ni da gaisuwa yau.

Takardarka ta watan Satumba jiya ta iso. Malam Gide ya duba kan sarkin ya ce ta jirgin ruwa ta biyo. Na karanta na zauna a ƙasa.

Wane irin karatu ka yi? "Maka" na rubuta, ba "ka" ba! Ya yafe maka! "Kada ka daɗe" na rubuta! Ka san Baba, ka san ni, ka ɗauka zan iya ɗaukar alƙalami in rubuta maka an sallama ka in liƙe in aika? Ba ka iya tambaya ba? Layi ɗaya, "Yaya me kika ce," ya gagare ka?

Baba ya rasu bayan babbar salla da kwanaki kaɗan. Tun da aka ɗauke ruwa ya sa aka riƙa fito da shi zaure, inda ya ƙi zama kusan shekara, yana kallon hanya. In mota ta tsaya sai ya ce a duba. Kawu Almu ya ce mashi ka ƙi zuwa ne, giya ta riƙe ka. Baba ya ce, "Rufe mani baki, ƙafa ce." Har ya cika yana cewa ƙafa ce. Ni ma haka na zata.

Mahaifin Safara'u ya kai magana gaban alƙali a Kankara, an ba da wa'adi, ba kai ba labarinka, an raba auren. Ba ta so ba. An yaye Nana, tana wurina. Tana tafiya, tana kiran Malam Gide Baba, na rasa yadda zan hana ta.

Gonar Sabuwa na nan ba a taɓa ba. In kana da rai ka zo. In ba ka da rai, Allah ya haɗa ku can ya gaya maka da bakinsa.

Lauratu

Tashar mota, Funtuwa
Yuni, 1977

Yaya,

Ina gaisuwa. Direban da zai miƙa maki wannan ya san inda nake zaune.

Da na bar gonar, Liborno na tafi, tashar jiragen ruwa, na samu aiki a wani sito ina jera fatun awaki. Wasu daga Kano aka kawo su, da tambarin a jiki. Nan na yi sanyin bana. Wata ranar Lahadi ina wanki sai na ji ana kiran sunana yadda mutum ɗaya ne ke kiranshi a ƙasar. Renzo ne, ya rame, riƙe da damin takardunki ɗaure da igiyar da muke ɗaure rassa. Ba ya iya karanta su. Ya ce ya ga suna ta zuwa, ya san ba lafiya ba, ya yi ta bin gari-gari yana tambayar baƙin mutum mai ɗingishi.

A gabanshi na karanta, daga ta farko har ta ƙarshe. Ba zan gaya maki abin da na yi ba. Shi ya riƙe ni.

Ranar da zan taho ya raka ni tashar jirgin ƙasa da kwalba ɗaya ta haɗin da ya yi, wai in kai ma ɗanshi. Ya miƙo, ya dubi hannuna, sai ya mayar cikin jakarshi. Ya ce, "A'a. Ka je ka gaya mashi da baki, kada ka rubuta. Ka ce ubanka ya tsufa, ka zo." Da na sauka Kano na wuce sansanin kamfanin kafin ko'ina. Na samu Injiniya Dario, na faɗa mashi kamar yadda aka ba ni. Ya dafa kafaɗata ya ce in an gama wannan hanyar zai je. Na ce mashi haka ni ma na ce. Bai gane ba, ana kiranshi a waya.

Yaya, tun shekaranjiya nake tashar nan. Motar Sabuwa ta cika ta tashi a gabana, ta dawo, ta sake cika. Ɗazu har na sa ƙafa, sai na ji muryar wani ɗan unguwarmu a ciki, na sauka. Na tsallaka teku ban ji tsoro ba, amma na kasa shiga garinmu in tambayi inda kabarin ubana yake.

Ki zo ki shiga da ni. Kada ki taho da Nana tukuna. Ina ƙarƙashin rumfar mai shayi, wajen da ake lodin buhuna. Na rame ƙwarai, in ba ki gane ni ba ni zan gane ki.

Ƙanenki,
Harisu